Kwana Huɗu a Bakin Tekun Muritaniya



Ƙasarmu Nijar ba ta da teku. Ruwan da muka sani shi ne na rijiya, da na tabki, da na gulbi in damana ta yi kyau. Ni ma iyakar sanina ke nan har shekarar 2017. A cikin wannan shekara na yi tafiya zuwa ƙasar Muritaniya. Na kwana huɗu a fili bakin teku, inda babu gona, babu rijiya, babu itace. Yau zan ba ku labarin abin da na gani, da kuskuren da na yi, da yadda mutanen wurin suke rayuwa.

Abin da ya fitar da ni

Ba yawon buɗe ido na je ba. Ƙanena na je nema.

A shekarar 2016 aka ji labarin zinariya a arewacin Muritaniya, kamar yadda aka ji na Jado a nan ƙasarmu a 2014. Ƙanena ya sayar da ragunansa biyu ya tafi. Da farko yana kiranmu da salula kowace Juma'a. Daga baya sai shiru. Wata ya bi wata, ba labari. Inna ta rame.

Muna da kawu a Nuwakshot, babban birnin ƙasar. Ƙanen Inna ne, ya daɗe can yana sana'ar gasa nama. Shi ne ya aiko cewa an ga yaron cikin masunta, arewa da birnin. Da muka gama ɗaure hatsi muka sa rumbu, Inna ta kira ni ɗakinta. Ta ce: "Kai ne babba. Tafi ka gano mini shi." Makarantarmu ta yaƙi da jahilci ba ta buɗewa sai watan Janairu. Na ɗauki takarduna na kama hanya cikin watan Nuwamba.

Daga Maraɗi zuwa Nuwakshot

Na shiga kar a Maraɗi. Muka bi Ƙonni, da Dogondutsi, da Doso, har Yamai. Daga nan muka shiga Burkina Faso, muka wuce Fada da Wagadugu da Bobo. Muka shiga Mali ta Sikaso har Bamako. Daga Bamako muka yi arewa zuwa Nyoro, muka ƙetare iyaka a Gogi.

A garin Ayun muka hau wata doguwar hanyar kwalta da ake kira Hanyar Fata, wato hanyar sa rai ga alheri. Tsawonta kilomita 1100 ne, daga Nema zuwa Nuwakshot. Muka wuce Kifa, da Aleg, da Butilimit. Ƙasar ta yi kama da arewacin Tahoua: rairayi, da ƙaya, da raƙuma, da awaki. Kusan kowane gari akwai shingen jandarma, sai an duba takardun kowa.

Tafiyar ta fi kilomita 3000. Kwana shida na yi bisa hanya. A lokacin hanyar tana biyuwa. Daga baya rashin tsaro ya lalata wurare da yawa a cikinta, musamman tsakanin Yamai da Fada, da kuma cikin Mali. Kada wanda ya karanta labarina ya ɗauka haka take har yanzu.

Kuɗin Muritaniya ba sefa ba ne, ugiya ake ce musu. Agogonsu yana bayan namu da awa 1. Mafi yawansu suna jin wani irin Larabci da ake kira Hasaniya. Akwai Fulani da yawa, don haka mai jin Fillanci ba zai rasa abokin magana ba.

Ranar da na ga teku

Washegarin isowata Kawu ya kai ni bakin ruwa, inda masunta ke fitowa da kifi. Tun ban ga ruwan ba na ji ƙararsa, kamar hadari mai tasowa daga nesa. Da na hau tudun rairayi sai na tsaya. Ruwa ne har iyakar ganin ido, babu gaɓa ta biyu. Ba ya kwanciya kamar tabki. Yana tasowa ya bugi ƙasa ya koma, dare da rana. Sunansa tekun Atlantika.

Na ɗebo da hannu na kai baki. Na tofar. Ya fi ruwan kanwa ɗaci. Kawu ya yi dariya ya ce: "Ɗana, ka ga ruwan nan duk? Akuya ɗaya ba zai shayar ba." Kowace lita ta ruwan teku tana ɗauke da gishiri kamar giram 35. Wanda ya sha shi ƙishirwa za ta ƙaru masa.

Kawu yana da wani abokin ciniki, Balaraben ƙasar, mai mota Toyota mai buɗaɗɗen baya. Aikinsa kai ruwan sha da shinkafa da sukari da gawayi ga zangunan masunta, ya sayo busasshen kifi. Ya yarda ya ɗauke mu. Muka zama mu huɗu: direba, da yaron mota, da Kawu, da ni. Aka ɗora tano 4 na ruwa, kowane lita 200, da bido biyu na gazwal, da shebur, da wasu ƙarafa masu faɗi guda biyu. Na tambayi amfanin ƙarafan. Yaron mota ya ce zan gani.

Hanyar da ruwa ke bayarwa ya karɓe

Tsakanin Nuwakshot da Nuwadibu, birni na biyu, akwai kwalta mai tsawon kilomita 470. An gama ta wajen shekarar 2005. Amma ta bi ta cikin hamada, ta bar zangunan masunta a gefe. Kafin a yi ta, motoci bakin teku suke bi, kimanin kilomita 150, har wani ƙauye mai suna Mamgar. Wannan tsohuwar hanya muka kama.

Ku saurara da kyau, don nan labarin yake. Ruwan teku yana cika, yana janyewa. Kamar awa 6 yana hawa bisa gaɓa, kamar awa 6 yana komawa. Sau biyu ke nan cikin yini da dare. Wata ne ke jawo shi. Kun san yadda wata ke makara wajen fitowa kowane dare. To haka ruwan ma yake makara, da kusan minti 50 kowace rana. In wata ya kama sabo, ko ya cika kwana goma sha huɗu, ruwan ya fi hawa sama, ya fi kuma janyewa nesa.

In ruwa ya janye, sai ya bar jiƙaƙƙen rairayi mai tauri kamar daɓe. Nan mota ke gudu. Hannun hagu teku, hannun dama tuddan rairayi mai laushi da ke haɗiye taya. Awa huɗu kawai kake da su, biyu kafin ruwa ya gama janyewa, biyu bayan haka. In sun wuce, hanyar ta koma ƙarƙashin ruwa.

Direbanmu yana da takarda mai lokutan ruwa na kowace rana, ya liƙa ta gaban mota. Amma ya fi duban wata da bakin ruwa. Mun shirya tun safe, ya ƙi tashi sai bayan azahar. Na ƙosa. Ya ce wa Kawu: "Gaya wa ɗanka, nan ba direba ke sa lokaci ba."

Daren farko

Muka rage iskar tayoyi, muka gangara bakin ruwa. Mota ta yi ta gudu ba gargada. Tsuntsaye farare suna tashi gabanmu garke garke. Wani lokaci igiyar ruwa ta taso ta wanke tayoyin. Muka wuce ƙauyukan Balawak da Lamsid. Gidajensu na katako ne da kwano da tsofaffin buhuna. Kowane zango muka tsaya, na fito da hoton ƙanena na nuna. Kowa ya duba ya girgiza kai.

Kafin faɗuwar rana muka sauka kusa da Tiwilit. Nan na koyi yadda ake kwana bakin teku.

Da farko sai ka nemi layin da ruwa ya bari. Za ka ga ciyawar ruwa da ɓawon katantanwa da guntayen igiya sun yi layi bisa rairayi. Iyakar hawan ruwa ke nan. Ka wuce layin nan sosai kafin ka shimfiɗa tabarma.

Na biyu, iska. Daga arewa take busowa, ba ta hutawa. Direba ya gitta mota ta tare ta. Muka ɗaure wani babban ƙyalle jikin mota, muka kafa sanda, ya zama tanti irin nasu da suke kira haima.

Na uku, ruwan sha. Ba a wanka da shi, ba a wanke tukunya da shi. Da rairayi da ruwan teku ake wanke kwanoni. Alwala ma da ruwan teku muka yi. Muka ba teku baya muka fuskanci gabas. Bayan sallama na waiga, na ga rana ja wur tana nutsewa cikin ruwa.

Itace babu, sai gawayin da muka zo da shi. Yaron mota ya dafa shinkafa da ɗanyen kifi. Direba ya kwaɓa garin alkama ya binne shi cikin rairayi mai zafi ƙarƙashin garwashi, kamar yadda Buzayenmu suke yi. Aka dafa shayi kofi uku.

Dare ya yi sanyi fiye da yadda na zata. Ruwan wannan gaɓa mai sanyi ne, don daga arewa yake gangarowa. Raɓa ta jiƙa barguna sharkaf. Ƙaguwa masu gudu kamar gizo suna ta zirga-zirga kusa da ƙafafunmu. Can tsakar dare na ji kukan dila. Da safe muka ga sawunta kewaye da tanti, ta kwashe kawunan kifin da muka zubar.

Kuskurena

Rana ta biyu lokacin tashi ya koma wajen ƙarfe biyu da rabi. Muka yi tafiya kaɗan muka isa wani ƙaramin zango. Wata mata mai shanya kifi ta duba hoton ta ce akwai wani yaro ɗan Nijar cikin wani jirgin da ya fita tun asuba. Ta ce yanzu za su komo.

Gabana ya faɗi. Na ce a jira. Direba ya dubi ruwa ya ce a'a. Ya ce gaba da Mahaijrat akwai wurin da tuddai suka matse har bakin ruwa, babu mafita sai an wuce shi. Na roƙi Kawu. Na ce: "Kawu, na yi kwana shida bisa hanya. In shi ne fa? Me zan gaya wa Inna?" Kawu ya yi shiru, sannan ya roƙi direba. Don kunyar Kawu ya yarda.

Muka jira fiye da awa ɗaya. Jirgi ya iso. Yaron Bazabarme ne daga wajen Tilaberi. Bai taɓa ganin ƙanena ba.

Direba bai ce mini kome ba. Ya tada mota muka kama gudu. Muka wuce Mahaijrat ba tsayawa. Rana tana sauka, ruwa yana hawa. Hanya mai tauri sai ƙara tsukewa take yi. Direba ya dinga matsawa dama don gudun igiyar ruwa. Can sai muka ji motar ta yi nauyi, ta yi ƙugi, ta tsaya. Tayoyin baya sun nutse har gindi.

Muka diro. Yaron mota ya ƙara rage iskar taya. Ni da Kawu muka yi ta tono da shebur da hannu. Aka cusa ƙarafan nan masu faɗi ƙarƙashin tayoyi. Mota ta motsa taku biyu ta sake zama. Igiyar farko ta zo ta taɓa dugadugaina. Ta biyu ta cika ramin da muka tona.

Direba ya ce a sauke kaya. Muka jefar da buhunan shinkafa bisa tudu. Muka gangaro da tano huɗu, kowane ya fi nauyin mutum biyu. Uku muka mirgina sama da ƙyar. Na huɗu ya kuɓuce mana ya faɗa bisa bakinsa, murfin ya fita. Ina kallo lita 200 ta ruwan daɗi ta tsiyaye cikin ruwan gishiri.

Ba lokacin baƙin ciki. Ruwa ya kai mana ƙwauri. Muka sake tono, muka sake sa ƙarafa, mu uku muka tura. Kawu dattijo ne, amma ranar na ga ƙarfinsa. A karo na huɗu mota ta fizge. Direba bai tsaya ba sai da ya sami wani ɗan kwari tsakanin tuddai biyu, ya haye da ita sama. Muka bi shi da gudu, muna ɗauke da ƙarafa.

Nan muka kwana na biyu. Babu wata, duhu ƙirin, taurari kamar a kai hannu a tsinko. Wajen ƙarfe goma na dare na haska tocila ƙasa. Inda motarmu ta maƙale ruwa ne ke ta bugawa. Da mun ƙara minti ashirin, da mutumin nan ya rasa abin da yake ciyar da iyalinsa, saboda ni.

Na je na durƙusa gabansa na ba shi haƙuri. Ya miƙo mini kofin shayi. Ya yi magana, Kawu ya fassara: "Ya ce laifinsa ne da ya saurare ka. Baƙo bai san ruwa ba, shi ya sani."

Mamgar, inda ruwa ya fi kifi tsada

Rana ta uku muka jira ruwa ya janye, muka ɗora kaya, muka isa Mamgar da la'asar. Mata suka fito da bidodinsu. Tano uku ne maimakon huɗu. Na ga wata tsohuwa ta koma da bido biyu wayam. Na biya direba kuɗin ruwan, ya kai kuɗin tiya goma ta hatsi. Amma kuɗina bai cika bidon tsohuwar ba.

Ruwan sama a wannan gaɓa ba ya kai milimita 50 a shekara. Mu a Maraɗi muna samun wajen 500, muna kuka. A wasu ƙauyuka an girka injin da ke raba ruwa da gishiri. In ya lalace, sai jiran mota.

Mutanen wurin ana kiransu Imragen. Ba su da yawa, suna zaune cikin ƴan ƙauyuka kaɗan. Ba su noma. Gonarsu teku ce. Kakarsu tana zuwa da sanyi, daga wajen Oktoba zuwa Janairu, lokacin da wani kifi mai suna mule ke wucewa garke garke zuwa kudu.

Dattawansu sun gaya mana yadda ake kamunsa tun zamanin kakanni. Mutum ɗaya yana tsayawa bisa tudu yana duban launin ruwa. In ya hango garken kifi sai ya yi kira. Maza su shiga ruwa da ƙafa, da taru bisa kafaɗa, su kewaye shi. Wani lokaci suna bugun ruwa da sanda. Sai wata dabbar ruwa da ake kira dofan ta ji, ta koro kifin zuwa gaɓa. Dofan siffar kifi gare ta, amma tana shaƙar iska, tana shayar da ɗanta nono kamar ayu. Ita ta ci, su su kama. Sun ce yanzu da wuya a ga haka.

Aikin mata ya burge ni. Ba su zubar da kome. Suna tsaga kifi su shanya shi a iska, kamar kilishi marar yaji. Suna dafa kawuna su fitar da mai. Ƙwan kifin kuwa su sa masa gishiri su danne shi ya bushe. Shi ya fi tsada, har Turai ake kai shi.

A nan wani mai sayen kifi ya duba hoton ya daɗe. Ya ce wani Bahaushe mai wannan kama ya yi musu aikin sa gishiri, amma ya bi motar kifi zuwa Nuwadibu. Daren nan, cikin haimar baƙi, na yi barci sosai karo na farko.

Makiyayar kifi da tsuntsaye

Daga Mamgar zuwa arewa ba a bin bakin ruwa, don laka ce. Ta cikin hamada ake ratsawa, sai da wanda ya san hanya. Wurin gandun gwamnati ne, sunansa Ban Dargen. An kafa shi a 1976. A 1989 hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren da duniya duka za ta kiyaye. Faɗinsa murabba'in kilomita 12000 ne, kusan rabi ƙasa, rabi ruwa. Ana biyan kuɗin shiga.

Muka sauka ƙauyen Iwik, muka kafa tanti bayan gari. Nan ruwan kwance yake, ba zurfi. In ya janye sai ka ga fili kore shar, ciyawa ce mai tsirowa ƙarƙashin ruwa. Cikinta ƙananan kifaye ke ɓuya su girma, kafin su fita babban teku.

Saboda haka aka hana jirgi mai inji kamun kifi cikin gandun. Imragen kaɗai aka yardar wa, su ma da jirgin katako mai filafilan ƙyalle, wanda iska ke turawa. An ƙayyade yawan jiragen, ɗari da ƴan kai. Ana zama da su kowace shekara a tsaida irin tarun da za a sa da lokacin sa shi. Ba kowa ke jin daɗin dokar ba. Wani saurayi ya ce mana su an ɗaure musu hannu, alhali can cikin teku manyan jiragen ƙasashen waje suna kwasa dare da rana. Wani dattijo ya amsa masa. Kawu ya fassara mini: "Ya ce wanda ya ci iri da rani, me zai shuka?" Na ce wannan magana ko a Maraɗi haka take.

Da safe muka shiga jirginsu. Ban taɓa ganin tsuntsaye haka ba. Fiye da miliyan 2 ke zuwa nan kowane sanyi, daga arewacin Turai da ƙasar Rasha, inda ƙanƙara ke rufe ƙasa. Wasu ba su kai kurciya girma ba, amma suna tafiyar dubban kilomita. Kamar shamuwarmu suke, kowane da lokacin zuwansa da na komawarsa. Na ga kwasakwasa, da wasu dogaye masu jan fiffike da lanƙwasasshen baki, suna tsaye cikin ruwa da ƙafa ɗaya.

Mai jirgin yana tuƙi yana duban launin ruwa, don tuddan rairayi suna ɓoye ƙarƙashinsa. Waɗannan tuddai sun taɓa cin babban jirgi. A watan Yuli na 1816 wani jirgin Faransa mai suna Meduz, ɗauke da mutum wajen 400, ya nufi Senegal. Shugaban jirgin bai kula da gargaɗin masu auna zurfi ba, jirgi ya dafe. Aka ɗora mutum kusan 150 bisa katakan da aka ɗaure. Bayan kwana 13 aka tsince su, saura 15 da rai. Da na ji wannan labari sai na tuna daren da muka yi bisa tudu.

Nuwadibu

Bayan kwana na huɗu muka fito kwalta a garin Shami, kusan rabin hanya. Sabon gari ne, a 2012 aka kafa shi. Nan ake niƙa duwatsun zinariya. Ƙura da ƙarar injuna ko'ina. Direbanmu ya juya kudu, muka yi ban kwana. Ni da Kawu muka shiga wata mota zuwa Nuwadibu.

Kusa da birnin muka ga jirgin ƙasa mai ɗauko ƙasar ƙarfe daga Zuwerat, tafiyar kilomita 700. Tsawonsa ya kai kilomita 2. Na ƙirga taragu har na gaji.

Kwana biyu muna yawo tashar masunta. Rana ta uku wani mai shayi ɗan Damagaram ya nuna mana wata rumfa. Na hango ƙanena yana ɗauke da akwatin kifi bisa kai. Ya rame, gishiri ya tsattsage masa hannu. Da ya gan ni ya aje akwatin ya sunkuyar da kai.

Na ce: "Me ya hana ka kira?"

Ya ce: "Yaya, zinariya ta cinye kuɗin raguna. Da wane baki zan yi wa Inna magana?"

Na ce: "Inna ba raguna ta aiko ni nema ba."

Kawu ya fito da salularsa ya kira gida. Ban ji abin da Inna ta ce ba. Na dai ga yaron ya zauna ƙasa ya rufe fuska da rigarsa.

Abin da na riƙo

Daga wannan gaɓa ne samari da yawa ke shiga jiragen katako zuwa tsibiran Kanari na ƙasar Sipaniya. A 2024 kaɗai fiye da mutum 46000 suka isa can daga gaɓar Afirka ta yamma, dubbai kuma suka mutu cikin ruwa. Ni da na ga abin da teku ya yi mana a inda ruwa bai wuce ƙwauri ba, ba na yi wa ɗan kowa fatan wannan hanya.

Wanda tafiya ta kama shi zuwa irin wannan wuri, ga abin da zan ce masa. Ya ɗauki ruwan sha fiye da lissafinsa. Ya ɗauki bargo ko da rani ne. Kada ya kwana ƙasa da layin ruwa. In ɗan ƙasa ya ce a tashi, ya tashi, ko shayi na bisa wuta. In kuma yana da uwa a gida, ya kira ta, ko aljihunsa wayam.

Mun komo gida kafin makaranta ta buɗe. Ƙanena yana noma gonarmu ta gabas, ya yi aure, yana da tumaki shida. Na zo da ruwan teku cikin ƙaramar kwalba. Dattawan garinmu suka ɗanɗana ɗaya bayan ɗaya, kowa ya tofar. Maigari ya ce: "To, Allah ya bar mu da rijiyarmu."

Allah ya ba mu damana mai albarka. Sai wata mai zuwa.